Barewar da Na Fasa wa Muƙamuƙi

Na harbi barewa a muƙamuƙi ranar Asabar ta biyu a watan Yuni, a gonar Tertius Olwage. Ban kashe ta ba. Ta gudu bakinta yana reto.

Sunana Barend Lategan. Shekaruna saba'in da huɗu. Na yi shekara arba'in da shida ina zama a layin maharba na gonar nan, tun tana hannun uban Tertius, kuma hakan bai taɓa faruwa da ni ba.

Mu takwas ne a layin, kowa da dutsen da yake zama a bayansa. Masu dawaki su zagayo da garken a hankali. A ka ake harbi, domin mahaucin garin Carnarvon ba ya karɓar naman da harsashi ya ɓata. Kan barewa daga mita ɗari biyu bai fi lemo ba. In ka sami ƙwaƙwalwa, dabbar ko ƙarar ba ta ji ba. In ka sauka yatsa uku ƙasa, ka fasa mata muƙamuƙi, ba ci ba sha, ta yi kwanaki tana yawo kafin ta mutu. Shi ya sa akwai doka a gonar: wanda ya fasa muƙamuƙi ya bar layi, kuma ba ya dawowa. Ni na kafa dokar.

Jafta Booysen, babban mai kula da tumakin Tertius, shi ya bi jininta a kan doki. Sai ƙarfe huɗu ya cim mata a bakin kwamin ruwa, tana tsoma baki ruwan yana zubewa. Ya ƙarasa ta, ya ɗoro ta a gabansa ya kawo rumfar fiɗa, inda kowa yake tsaye da kofin kofi.

Dolf Visagie ne ya fara. Mutum ne da bakinsa ya fi hannunsa saiti. Oom suke ce mini, wato kawu, yadda ake kiran kowane dattijo a yankinmu.

"Oom Barend, ashe cire haƙori ka koya ba mu sani ba? Ina da guda ɗaya a nan baya da ke damuna."

Mutum biyu suka yi dariya, suka haɗiye ta.

Jafta ya ce, "Bar shi mana, Dolf. Kai da ka taɓa harbin famfon ruwa."

"Famfon bai sha wahala ba," in ji Dolf.

Tertius ya dubi bakin dabbar, ya dube ni, ya ci gaba da wasa wuƙarsa. Na zubar da kofina a ƙasa, na ɗauki bindigata na tafi.

A gida 'yata Hendrien ta riga ta ji. Labari a yankinmu ya fi mota gudu. Ta ajiye mini abinci, ta zauna tana kallona.

"Pa, ranar Talata mu je gari a duba idon nan."

"Idona lafiya."

"Jiya ka zuba wa kare gishiri a madadin maganinsa."

"Kwalaben iri ɗaya ne."

"To. Amma barewar fa?"

Na ci gaba da cin abincina. Ana sake zama a gonar Tertius a watan Yuli, sati uku ke nan. Ina so in zauna a bayan dutsena ranar. Abin da ke raina ke nan, ba wani abu ba.

Ban taɓa harba harsashin kanti ba tun ina saurayi. Ni nake ɗura nawa. In wanke kwanson harsashi, in daidaita bakinsa, in auna albarushi a ma'aunin da na gada daga ubana, in ɗora ƙwaya a kai in danna ta zuwa inda ya kamata. Na bar makaranta a aji huɗu na bi tumaki, amma lambobin ma'aunin nan ba wanda ya fi ni karanta su. Kowace ƙwaya sai na auna ta kafin ta shiga kwanso. Wadda ta fi 'yan'uwanta nauyi ko ta gaza, ko da ƙanƙani ne, sai gwangwanin shara.

A watan Afrilu tsohon kwalina ya ƙare. Na sayi sabo a kanti, mai ƙwaya ɗari, tambari iri ɗaya, nauyi iri ɗaya da wanda na shekara talatin ina saye. Na auna ɗarin duka. Harshen ma'auni bai karkata ba ko sau ɗaya. Na ɗura arba'in. Ban gwada harba su a takardar saiti ba. An yi iska sati biyu a lokacin, kuma albarushi ya yi wuya a gari. Gaskiyar ita ce ban ga dalili ba. Ma'aunina ya ce lafiya.

Ranar Litinin da safe na kafa takarda a bayan shingen tumaki, mita ɗari biyu cif. Na kwanta a kan buhun yashi na harba sababbi biyar. Uku suka shiga wuri ɗaya, kwandalar rand biyar za ta rufe su. Ɗaya ya tafi hagu kamar faɗin tafi. Ɗaya ya sauka yatsa huɗu ƙasa.

Na daɗe a tsaye gaban takardar. Mutumin da idonsa ya mutu haka harbinsa yake. Na san wannan, na sha ganinsa ga wasu.

Sai na tuna da tsohuwar rigata ta sanyi. A aljihunta akwai harsashi bakwai na bara, na tsohon kwali. Na kafa sabuwar takarda, na harba biyar. Biyar ɗin suka ci juna, rami ɗaya mai kunnuwa.

Na koma ɗakin aikina. Na zare ƙwayoyi daga sababbi goma, na sake auna albarushin kowanne. Daidai. Na auna tsayi. Daidai. Na sake auna ƙwayoyin kansu. Daidai. Na rasa abin yi, sai na matse ɗaya a ƙarfen matsi, na ɗauko ƙaramin zarto na yanka ta a tsakiya.

Ƙwayar harsashi dalma ce a ciki, da rigar jan ƙarfe a waje. Rigar nan dole kaurinta ya zama ɗaya ko'ina, domin ƙwayar tana juyawa a iska kamar mazari. Ta farko lafiya. Ta biyu lafiya. Ta uku, rigar ta yi kauri kamar farce a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma ba ta fi takarda ba. Dalmar ba ta tsakiya. Nauyin yana nan cif, amma a gefe yake zaune. Irin wannan in ta fita daga bakin bindiga, inda nauyin ya ja ta can za ta nufa, ko wane ne ya riƙe bindigar.

Na yanka goman. Uku ne haka.

Shekara hamsin ina tambayar ma'auni nawa ne nauyi. Ban taɓa tambayar inda nauyin yake ba, shi kuma ba ya faɗa.

Na kira Hendrien na nuna mata. Ta sa tabarau ta duba.

"To, Pa, ai sai ka ji daɗi. Ba idonka ba ne."

"Na faɗa miki."

"Ka faɗa. Duk da haka ranar Talata za mu je, saboda kare." Ta juya rabin ƙwayar a tafinta. "Za ka kai wa Tertius?"

"Jibi."

Ta mayar mini da rabin ƙwayar. Can ta ce, "Ka tuna Oom Faan dai."

Na tuna. Tafiyar kilomita arba'in ce zuwa gonar, hanyar tsakuwa, ƙofofin shinge shida, kuma a kowace ƙofa na tuna shi.

Faan Olwage uban Tertius ne, kuma abokina. Shekara ashirin da biyu da suka wuce ya fasa wa barewa muƙamuƙi a gonarsa, daga dutsen da ke kusa da nawa. Shi harsashin kanti yake harbawa. A rumfar fiɗa ya rantse saitinsa yana kan kunne, ya ce kwalin da ya sayo ne ba shi da kyau. Na ce masa, a gaban kowa, harsashi ba ya shiga bindiga da kansa, wanda ya sa shi bai gwada ba shi ne mai laifi. Na ce doka doka ce, ko gonar wa ce. Tertius yana nan tsaye, shekarunsa ashirin da biyar, yana riƙe da ƙafar dabbar. Faan ya bar layi. Shekara goma sha ɗaya yana dafa mana kofi, yana tuka a-kori-kura yana kwasar abin da muka harba, a ƙasarsa, har ya mutu. Bai sake ta da maganar ba. Ni ma haka.

Amma nawa daban ne. Haka na faɗa wa kaina a ƙofa ta shida. Faan magana ya kawo. Ni na kawo shaida.

Na sami Tertius a baranda. Ya tashi ya ba ni hannu, ya sa aka kawo kofi da busasshen burodi. Muka yi maganar ruwan sama da ba a yi ba, da dila da ya ci masa 'yan raguna huɗu. Sannan na ɗora gwangwanin taba da na zuba yankakkun ƙwayoyin a ciki a kan tebur, na buɗe, na shimfiɗa takardun biyu a gefensa.

Ya duba a natse. Shi ma yana ɗura nasa, ni na koya masa. Ya ɗaga rabin ƙwaya zuwa haske.

"Kai! Wannan ai karkatacciya ce tun daga masana'anta. Nawa cikin nawa?"

"Uku cikin goma."

"Ni ma ina da kwali biyu na irinsu. Gara da ka zo, Oom, yau zan yanka nawa." Ya taɓa takardar mai rami ɗaya. "Wannan kuma a mita ɗari biyu? Dolf ko a mafarki bai taɓa yin haka ba."

"To ka sa sunana a Yuli."

Ya ajiye ƙwayar. Ya tsoma burodi a kofi, ya bar shi a ciki har ya narke.

"Oom, ka gwada su a takarda kafin ka zo ranar?"

"Na auna su ɗaya bayan ɗaya."

"Ba ma'auni na tambaya ba."

"An yi iska."

"An yi," in ji shi.

Ya tashi ya shiga ciki. Na ji yana jan aljihun tebur. Ya fito da wani tsohon kwali da gefensa ya cinye, ya ajiye kusa da gwangwanina. Harsasai goma sha huɗu ne a ciki, sun yi duhu don daɗewa.

"Na Pa ne, ragowar na ranar. Ya ce in ajiye, wai wata rana wani zai yarda ya duba su."

Na kalli kwalin. Na miƙa hannu.

"Kawo in yanka su. Zartona yana mota."

"Ka yanka ka faɗa wa wa, Oom? Yana kwance a maƙabartar bayan coci."

"Tertius, ni ba roƙo na zo ba. Ka ga shaida da idonka. Laifin masu yin ƙwayar ne, kai ma ka faɗa."

"Na faɗa, kuma zan faɗa wa kowa a rumfa, har da Dolf. Ba wanda zai ƙara cewa idonka ne." Ya rufe kwalin ubansa. "Kofi kuma kullum muna neman mai dafawa. Makullin a-kori-kura yana inda yake."

Na miƙe. Gwiwata ta yi ƙara, na ji haushinta.

"Shekara arba'in da shida ina bayan dutsen nan. Barewa ɗaya."

"Pa ma ɗaya ce."

"Ina tambayarka sau ɗaya, ɗan Faan. Zan zauna a Yuli ko ba zan zauna ba?"

Ya tura mini gwangwanina a kan tebur, a hankali, har ya taɓa hannuna.

"A'a, Oom. Ba za ka zauna ba. Ba a Yuli ba, ba baɗi ba."