Sa Hannun Malam Haladu

Gorar farko a kafaɗa ta sami Munzali, tun ƙafarsa ɗaya na cikin kwalekwale. Ta biyu ta fasa masa goshi. Ya kife a taɓo, buhun da ya rungumo ya yage, kwalayen da ya yi kwana uku yana zanawa suka watse cikin ruwa.

"Ɗan Dabar Gana ne! Ga jan fentinsu nan a buhu!"

Wautar ke nan. Gudun kada ruwa ya jiƙa masa kayan koyarwa ya sa ya zuba su a buhun yashi, ya manta kowane gari da alamar da yake shafa wa buhunan jingarsa. Kwana tara ke nan da mutanen Dabar Gana suka fasa jinga don su ceci gidajensu, ruwan ya kwararo ya cinye shinkafar Fadamar Tsamiya ƙaf, saura mako biyu a yanka. Kuma nan ɗin kwalejin ilimi ta turo shi koyarwar gwaji, don mai raba sunaye a ofis ina ruwansa da jinga. In hedimasta bai sa hannu a takardar karɓa kafin Juma'a ba, shekararsa ta tafi a banza.

Ya danne takardar a ƙirjinsa, duka na sauka a bayansa. Wani ƙato da ake kira Ja'afaru ya take masa yatsun hagu har ƙashi ya ce ƙas, sannan ya zaro adda. Tsoro ya kama Munzali, ya fara salati.

"Ja'afaru, ajiye ta! Ni na koya maka rubuta sunanka, yau a gabana za ka yanka mutum?"

Malam Haladu ne, hedimasta, dattijo siriri, wando naɗe zuwa gwiwa. Ya ratsa taron, ya ɗago Munzali, ya ja shi zuwa makaranta ana jifansu da ɓaraguzan bulo.

A ofis ya sa sakata, ya miƙa masa tsumman goge allo ya danne goshi. Ya karanta takardar, gefenta duk jini. Ya ɗauko hatimi, sai ya tsaya.

"Buhu arba'in nake sa rai bana, ɗana. Ko tiya ban ɗauka ba. Tsakaninka da Allah, kana wurin da aka fasa jingar nan?"

Ƙarya ɗaya ta isa, babu mai shaida. Munzali ya dubi hatimin, kunya ta rufe shi.

"Ina wurin, Malam. Ruwa ya shigo ɗakin mahaifiyata. Har da hannuna a cire buhunan jingar."

A waje ana ta dukan taga da sanduna. Can dattijon ya buga hatimin da ƙarfi har tebur ya girgiza, ya sa hannu.

"Kada ka yi mini godiya, ba don kirki na yi ba. Aji biyu na ba ka, yara sittin da uku, mako goma sha biyu. Yawancinsu ba su karyawa yanzu kafin su zo." Ya tura masa takardar. "Kullum kai za ka kira sunayensu, ɗaya bayan ɗaya, kana kallon fuskokinsu."