Ranar Sakin Gonaki

Mutari mutum ne da ko goro ka ba shi, sai ya fasa ya leƙa cikinsa kafin ya kai baki. Mu mutanen Kwarin Gabaruwa mun san halinsa, kuma saboda halin nan ne manoman kwari suka zaɓe shi shugabansu. Gani suke ba wanda zai iya yi masa wayo.

A shekarar da nake ba da labari damina ta yi latti. Geron tudu bai yi abin kirki ba, dawar kwari ce kaɗai ta tsaya da kyau, ita ma a makare aka shuka ta. Da aka gama girbin gero, dawar tana bukatar kamar mako uku kafin ta nuna. Ita ce abincin gidan Mutari na shekara, da na gidaje sama da talatin. Ga shanu sun fara taruwa a kan fako, makiyaya suna jiran ranar sakin gonaki, wato ranar da hukuma ke ba su izinin shigo da dabbobi su ci kara. Daga wannan rana, abin da saniya ta tarar a gona nata ne, ba ƙara ba shari'a.

Ana cikin haka depitenmu, Alhaji Abdulwahab, ɗan majalisar da muka tura Yamai, ya zo ta'aziyyar ƙanen liman. Da aka shafa fatiha Mutari ya matsa kusa, ya kai kukan dawa.

Depite ya dafa ƙirji, ya ɗaga murya yadda har na bayan zana za su ji. "Malam Mutari, kwantar da hankalinka. In dai ina numhwashi, ko kofato guda ba ya shiga kwarin ga sai kun yanke zangarniya ta ƙarshe."

Abin mamaki, Mutari mai fasa goro ya haɗiye maganar nan ɗungurungum. Lissafinsa mai sauƙi ne. Maigari yana ƙarƙashin sarki, magajin gari, shugaban ƙaramar hukumarmu, yana tsoron perfe, wato jami'in gwamnati mai mulkin yankinmu, perfe yana tsoron gwamna, gwamna kuwa daga Yamai aka turo shi. To wa ke zaune Yamai yana shan shayi da ministoci? Depite. Magana ta ƙare.

Bayan kwana biyu Shatu ta yi sallama a ƙofar gidansa. Ita ce konsayenmu, wakiliyar garin a majalisar magajin gari, kuma ba jam'iyyarsu ɗaya da depite ba. Ta miƙa masa takarda mai hatimi biyu.

"Baban Bushira, ran Talata akwai taro Illela, buron perfe. Magajin gari da sarki da rugage, shugabannin Fulani, da shugabannin manoma, duk za a zamna a tsai da ranar sakin gonaki. Abin da anka yarda a kai shi za a aika ma gwamna shi sa hannu. Sunanka na ciki."

"Onorabul ya riga ya yi magana," in ji Mutari, yana nufin depite.

"Onorabul aikinai doka, da tambayar ministoci mi sunka yi. Ba shi ka sa rana ba. Ka tahi ka hwaɗa musu da bakinka dawarku ba ta nuna ba."

Mutari ya riƙe takardar da yatsa biyu. Bai iya Faransanci ba, amma ya iya karanta mutane, ko dai haka yake cewa. Me ya sa Shatu ta kawo da kanta, ba ta aiko ba? Awakinta wa ke kiwonsu? Mutanen Ruga Altine, shugaban makiyayan fako. Jiya kuma da idonsa ya ga sabon rago ɗaure a ƙofar gidan Maigari Tanimun, fari tas, irin na Fulani. Nan take ya gano shirin: a kai shi buro, wato ofishin perfe, a karanta masa abin da bai ji ba, a dangwala yatsansa a takarda, gobe a ce shugaban manoma da kansa ya yarda shanu su shigo. Ta haka kuma a kunyata depite.

Ya soke takardar a rufin ɗaki. Ran Talata da sassafe ya sa babbar riga, ya hau babur, mutane suna yi masa a dawo lafiya. Da ya kai kwalta, maimakon ya nufi Illela sai ya juya ya yi Tsarnawa gidan ƙanwarsa, inda ba mai samun yatsansa. Ya wuni can yana cin ƙosai yana jin daɗin dabararsa.

Kwana huɗu bayan haka sanƙira ya zaga gari da sanarwa: gwamna ya sa hannu, saura kwana goma a saki gonaki.

Mutari bai firgita ba tukuna. Ya hau tudun makaranta inda waya ke kamawa, ya kira depite. Sai a kira na biyar aka ɗauka.

"Wane Mutari? Af, na kwari! Ina cikin zaman majalisa yanzu. Ai wagga magana ta gwamna ce da su perfe, ni ba ni da hannu ciki. Ba a kira ku taro ba?"

"Ranka shi daɗe, kai kac ce ko kofato..."

"Za ni tashe ta gaban minista, in sha Allah." Waya ta mutu.

Ko a nan Mutari bai zargi kansa ba, cewa ya yi har depite an saye. Ya sauko a fusace ya yi gidan Maigari, ya nuna rago ya tambayi daga ina. Maigari ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ragon sunan jikarsa ne, a kasuwar Badaguishiri ya saye shi, in yana so a kira dillalin. Daga nan Mutari ya hau fako wajen Ruga Altine, ransa a ɓace, ya shirya masa maganganu masu zafi.

Ruga ya shimfiɗa masa buzu, ya bar shi ya gama zubar da abin da ke cikinsa. Sannan ya yi magana a hankali.

"Mutari, garuruwa ukku sunka ce dawarsu ba ta nuna ba. Shugabannin manomansu sunka tashi sunka hwaɗi, anka ƙara ma kwarinsu kwana goma sha biyar, yana cikin takardar gwamna. Da anka zo kanku, perfe ya kira sunanka sau ukku. Shatu ta tashi tac ce dawarku ɗanya ta. Ni ma nic ce gaskiya ta, na gane ta da idona. Sai sauran rugage sunka ce, in mai gona ya damu da ya zo, mu ma shanunmu yunwa su kai. Kujerarka na nan wohi. Mi perfe za shi rubuta?"

Mutari ya nemi abin da zai zarga a cikin maganar nan, ya juya ta ko'ina, bai samu ba. Kunya ta kama shi, irin wadda ke sa mutum ya rasa inda zai ajiye idonsa.

"Nawa shanu ina iya tsare su kwana biyu," in ji Ruga. "Na Arewa da ka tahowa, ba ni da iko da su."

Ana saura kwana biyu duk kwari ya fito yankan dawa, maza da mata. Wadda ta nuna kaɗan ce. Sauran in ka matsa ƙwayar da farce sai farin ruwa ya fito, kowa kuma ya san in ta bushe rabinta ƙaiƙayi ne. Shatu ta zo ta taya, ba ta faɗa wa kowa abin da ya faru a taron ba, ko kallon Mutari ba ta yi ba. Mutane suna yanka suna tsine wa perfe da gwamna da Fulani.

Da rana ta take, tsoho Zaidu, wanda gonarsa ke iyaka da ta Mutari, ya dogara sandarsa ya matso. Shi ne ya fara ɗaga hannu ranar da aka zaɓi Mutari. Yana riƙe da zangarniya ɗanya.

"Kar ka sa ma ranka, ɗana. Mun ga hitarka tun da sahe ran Talata, kai dai ka yi naka. Ashe duk bayanin da kay yi musu, manyan nan ba su ji ba?"

Mutari ya dubi zangarniyar, ya dubi Shatu da ke sunkuye can nesa. Da ya yi shiru, da maganar ta wuce a haka.

"Baba," ya ce, "ban tahi ba."