Faifan Baba Jacob Na Uku

"Innalillahi! Na shiga uku!"

Hajjo ta tsaya a kan shanyarta, hannu biyu a ka. Da safe ta share ɗakin maƙwabcinta Baba Jacob, wanda ciwon hanta ya kwantar wata biyu. Ta ga faya-fayan garmahonsa sun yi butu-butu da ƙura, sai ta wanke su tas da sabulu, ta baza a rana kamar yadda take yi wa farantanta. Zafin ranar unguwar Nyanya kuwa ba shi da mutunci. Ga su nan duk sun lanƙwashe kamar gurasa.

Faifai shida ne, duk na wasu samari huɗu 'yan Ingila masu gita da ganga. Baba ya same su tun yana direban wani Bature injiniya, lokacin da ake sare dajin Abuja. Kaf gidan hayar nan babu wanda bai haddace tarihinsu ba, don dole: na farko a gareji suka ɗauka, na uku shi ne gangariya, daga nan mai ganga ya yi fushi ya tafi, sauran suka ɓata kiɗan da goge.

"Hajjo," ya kira daga ɗaki, murya ƙasa-ƙasa. "Zo ki sa mini na uku."

Ta shiga ta durƙusa ta faɗa masa gaskiya. Ya juya fuskarsa bango. Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Wallahi Baba sai ka ji shi."

"Bar shi, 'yata. Ni ɗin kwana nawa ya rage?"

Ai kuwa ta sauke tukunyar abincin sayarwarta, ta faɗa bas, ta sha cunkoso awa biyu har Apo, wajen ƙaninta Manniru mai sa gilashin mota.

"Haba Yaya! Wa ke shanya roba?" Ya yi dariya, ya ga ba ta yi ba, ya haɗiye sauran. Ya zaro mata gilasai biyu shimfiɗaɗɗu. "Ki matse faifan a tsakani, minti goma a rana, sai ki kai inuwa ki ɗora nauyi. Kika wuce goma, shi ke nan."

Ba ta yarda ta fara da na uku ba. Na huɗu ya narke. Na biyar ya tsage ƙarƙashin dutsen niƙa. Na shida ya ɗan miƙe. Kwana uku tana wannan fama, masu sayen tuwo suna zuwa suna komawa da kwanukansu, Baba kuma ko kunu ya daina sha.

Ranar Alhamis ta yi ƙundunbala ta matse na uku, da la'asar ta yi bismilla ta ɗora masa allura. Gita ya ɓarke, muryar mawaƙin tana ɗan rawa, amma tana fita. Baba Jacob ya buɗe ido.

"Ƙara murya."

Ta ƙara. Yatsansa ya soma buga katifa.

"Kin ji mai gangan nan? Ɗan banzan yaro. Da bai tafi ba..."

Ta yi dariya, hawaye na zuba, tana yi masa fifita. Kafin waƙa ta huɗu ta ƙare yatsan ya tsaya. Ta kira shi sau biyu. Ta shafe masa ido, ta ja masa mayafi har ƙirji.

Allura ta kai ƙarshe tana ƙas, ƙas. Ta san ya kamata ta fita ta kira mutane. Ta miƙe ta juya faifan, ta sa ɗaya gefen, ta dawo ta zauna.