Ƙurajen Bango

A garin ba mai ɗakin kansa. Duk ƙarshen wata ana kaɗa ƙuri'a, kowane iyali ya kwashe kayansa ya koma inda ta faɗa, don kada wani ya fi wani taga ko iska. Kafin a tare, mai fenti ke bin ɗakunan benen yana shafe abin da mutanen baya suka bari: ramin ƙusa, zanen yara, maiƙon kai a jikin bango.

Mahaifiyar mai fentin ta makance, kuma ba wanda ya sani sai shi. Doka ta ce duk wanda ba ya iya kai kansa banɗaki, jama'a ce za ta riƙe shi a Gidan Kulawa. Motar gidan ana ganinta tana ɗauka, ba a taɓa ganin ta sauke kowa ba.

"Ƙofar ɗakin nan ta gudu hagu," in ji tsohuwar ran da suka tare a sabon ɗaki, goshinta a kumbure.

"Ƙofa tana nan, Inna. Ke kika yi dama."

"Haka ubanka ya yi ta musu da ni, har ya mutu bai ci ko sau ɗaya ba."

Sai ya soma barin ɗigon fenti ya daskare a bango kamar ƙuraje, a jere daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa banɗaki, daidai inda hannunta ke kaiwa. Da yake bai san ɗakin da ƙuri'a za ta ba su ba, kowane ɗaki ya yi wa. Fari a kan fari, ido ba ya kamawa. Inna ta daina karo. Har maƙwabta suna yaba ƙarfin ƙafarta.

Mai duba gidaje dogon mutum ne, da farar safar hannu yake shafa bango yana neman ƙura. Wata safiya hannunsa ya tsaya. Ya koma baya, ya sake shafawa a hankali.

"Ɗan'uwa mai fenti, hannunka ya fara rawa ne?"

"Fentin ne ya yi kauri, ranka ya daɗe."

"An daina wannan gaisuwar. Ran kowa tsawonsa ɗaya."

"A duk ɗakunan akwai su, ɗan'uwa. Kowa ya samu daidai."

"Na lura. Da na yaba maka ma." Ya dafa gwiwa ya miƙe. "Sai dai ni sai da na sunkuya. Mutum ɗaya aka auna wa wannan aikin, kuma gajere ne."

Ya kakkaɓe safar hannunsa.

"Kankare su yau. Gobe a sake ƙuri'a, zan tsaya a baranda in ga kowa ya shiga ɗakinsa da ƙafarsa."

Daga hawan sama mai fenti ya fara kankarewa. Ɗakinsu ya bari ƙarshe. Ya tarar da Inna zaune a bakin gado, ta ɗaura ɗankwali, takalmanta a ƙafa.

"Tun ɗazu nake jin ƙarfenka yana matsowa," ta ce. "An gane?"

"Bai san ke ba ce."

"Gajerun benen nan mu nawa ne?"

Ya ɗora ƙarfen a bango.

"To ɗan dakata, ina so in zaga."

Ta tashi ta ɗora yatsu a bango, ta kama layin. Ya bari ta yi gaba kaɗan, sannan ya bi bayanta yana kankarewa.