Makullin Rijiyar Baba

Babanmu da hannunsa ya haƙa rijiyar da ke bayan kicin ɗinmu, gaba goma sha biyu, tun ba a haife ni ba. Shi ya sa ranar da Inna ta ce ruwan yana warin fetur, sai da ya yi kwana uku yana cin magani. Ga maiƙo mai launi-launi yana yawo a saman guga, amma ya ce idonmu ne.

Ashe tankin gidan man da ke jikin katangarmu ne ya yi tsatsa a ƙarƙashin ƙasa, ya huje, yake ta tsiyaya. Aka tono shi, ƙato kamar motar bas, aka kwashe baƙar ƙasar da ke kewaye da shi, aka kafa injin da ke zuƙo ruwa yana tacewa. Rijiyar aka sa mata murfi da kwaɗo, mu kuma aka ja mana famfo. Maganar gaskiya mun ji daɗi, don babu mai kewar jan igiya. Baba ne kawai abin ya tsaya wa a rai.

Shekara biyu cur, duk farkon wata injiniyar da ke kula da aikin takan zo da kwalabenta ta ɗebi ruwa, Baba na tsaye a kanta.

"Yaya dai, 'yata?"

"Da saura, Baba."

Ran nan sai ta zo ba kwalba, ta miƙa masa takarda da makulli. Ta ce, "Gwaji shida a jere ya fita tas. Ku sha abinku."

A ranar Baba ya sayo sabuwar igiya. Ya jawo guga, ya cika kofi, ya miƙa wa yayana. Yaya ya ce yanzun nan ya sha ruwa. Matarsa ta tuna ta bar tukunya a wuta. Ni kuwa na hau duba waya. Baba ya shanye shi kaɗai, ya kife kofin. Na ji kunya sosai, amma ko na so sha, warin nan nake tunawa.

Bayan mako guda muna cin abincin rana, Baba ya ce, "Gobe zan kira a cike rijiyar nan. Ba zan ajiye ramin da ba mai sha ba, ga jikoki sun fara tafiya." Bai kalli kowa ba da yake faɗa.

Inna ta ci gaba da zuba miya. Ta ce da Yaya, "Kai, kofi nawa ka sha yanzu?"

"Uku. Me ya faru?"

"Ka ji wani abu?"

"A'a."

"To, tun ranar da aka kawo makulli ban buɗe famfo ba. Girki, shayi, har na cikin firij, duk na rijiya ne. Kuna ta sha kuna ƙiba."

Yaya ya leƙa kofinsa, ya shanye ragowar, ya miƙa wa Inna ta ƙara masa.

Baba ya riga ta karɓe kofin, ya miƙe yana laluben takalminsa.

"Bar wannan, ya kwana a firij," in ji shi. "Bari in jawo maka sabo."