Wankin Ƙunar Mai Burodi

Tun daga baranda Maman 'Yan Biyu ta jiyo kukan keken da Sista ke turo kayan wankin ciwo a kai.

Mijinta mai gidan burodi ne. Bututun gas ɗin tanda ne ya fashe yana tsaye a gabansa, wuta ta cinye masa hannun dama har kafaɗa. Ƙunar kanta ya daure mata. Abin da ya gagare shi ɓare bandeji ne. A wankin da ya wuce an yi masa allura mai ƙarfi, ga shi da asma, numfashinsa ya yi ƙasa har leɓensa ya sauya launi. Likitoci suka ce daga yanzu sai allura mai sauƙi. Ita kuwa mai sauƙin, a wurinsa da ita da ruwa duk ɗaya.

"A yanke hannun kawai," in ji shi, fuskarsa na kallon bango. "Amma ba mai taɓa mini bandejin nan."

Sista ta ja Maman 'Yan Biyu gefe. "Kin ji warin da ya fara? In aka bar shi yau, ciwon zai iya shiga jini."

Suna cikin haka wata likita siririya ta shigo, hannunta babu ko allura. Ta ja kujera ta zauna daidai kansa, ta ce aikinta koya wa majinyaci tattara hankalinsa wuri guda, har ya shiga wani hali tsakanin barci da ido biyu, zafi ya ragu. Ta ce sunan abin hifnosis.

Yaya Babba, wan mijin, tsohon direban tirela, yana tsaye a ƙarshen gado. Nan take ya haɗe rai.

"Likita, mu fa ba ma harka da siddabaru. Ki kwantar mini da ƙane ki juya masa kai?"

"Alhaji, ba abin da zan sa masa, ba abin da zan cire. Yana jin kowa, in ya ga dama ya buɗe ido ya kore ni. Kuma ba warkar da ƙuna nake yi ba, wannan aikin Sista ne. Allurarsa ma za a yi masa."

Ta juya ga majinyacin. Ta tambaye shi ko ya taɓa jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko ya taɓa ciwon da ya taɓa masa hankali. Ya ce a'a. Ta ce da ya ce e, da ba za ta fara ba, don irin wannan yakan ƙara dagula wa mai shi lissafi.

"To, kai kana so? In ba ka so, ba ya yi."

Maman 'Yan Biyu ta durƙusa ta kama hannunsa na hagu. "Baban 'Yan Biyu, don Allah. Ko don yaran nan."

Ya gyaɗa kai da ƙyar.

"A wurin aikinka, ina hannunka ya fi jin sanyi?" in ji Likita.

"Durom ɗin ruwan ƙanƙara," in ji shi. "Da shi muke kwaɓi. In na tsoma hannu, har gwiwar hannu ba na ji."

Likita ta sassauta murya. Ta ce ya kafa ido a kan ƙugiyar labule, ya ja numfashi, ya sake. Ta yi ta magana a hankali, tana maimaitawa, kamar mai lallashin jariri. Ga durom nan, ga ƙanƙara na yawo a sama. Yatsu sun shiga. Wuyan hannu ya shiga. Maman 'Yan Biyu ta ji yatsunsa da suka damƙe ta suna saki ɗaya bayan ɗaya. Idonsa ya rufe.

Likita ta yi wa Sista alama da gira. Almakashi ya fara cin bandeji. Zagayen farko ya fita, na biyu ya fita. Na ƙasan ya manne da nama, Sista ta jiƙa shi tana ja kaɗan-kaɗan. Goshinsa ya tattare, zufa ta keto, amma bai yi ihu ba. Maman 'Yan Biyu ta ciji gefen mayafinta.

Sai aka buɗe wa tsohon da ke gadon kusa tukunyar iskar numfashi. Ta yi fiiii.

Mai burodi ya zabura. "Gas! Ku kashe! Ku fita!" Ya fizge hannun, kwanon kayan aiki ya kife, ciwon a buɗe jajir yana neman gogar ƙarfen gado. Sista ta tare shi da ƙyar.

"Ya isa!" Yaya Babba ya daka tsawa. "Na ce ya isa!"

"Irin ƙarar da ya ji ke nan kafin wutar," in ji Maman 'Yan Biyu. "A kashe mana ita!"

"Ba za a kashe ba, da ita tsohon nan yake numfashi," in ji Sista.

Likita ba ta ko waiwayo ba. Ta matso bakinta kusa da kunnensa. "Kana asibiti, matarka na riƙe da kai. Saurari ƙarar da kyau. Famfo ne. Ka buɗe famfo, ruwa na zuba a durom. Bari ya cika."

Ƙirjinsa na sama da ƙasa. Maman 'Yan Biyu ta zuba wa leɓensa ido, tana jiran ta ga launin nan na wankin da ya wuce. Bai zo ba. A hankali kansa ya koma kan matashi.

"Ya kusa cika," in ji shi can ƙasa.

Sista ta sauya safar hannu, ta wanke, ta shafa magani, ta naɗe. Da ya buɗe ido ya ce ya ji zafi, amma kamar daga nesa, kamar hannun maƙwabci ne.

A baranda Yaya Babba ya tare Likita yana sosa ƙeya.

"Likita, a yi haƙuri da bakina. Ni ma ko za ki yi mini? Kwanan nan in na hau bene sai ƙirjina ya riƙe, har hannun hagu. Ɗazu da ya yi ihun nan ma sai da ya kama ni."

Fuskarta ta sauya. "Har yanzu kana ji?"

"Kaɗan-kaɗan."

"Irin wannan ciwon ba a rufe masa baki, Alhaji. Zauna nan, kar ka taka ko'ina. Sista, keken majinyata, a kai shi gwajin zuciya yanzu!"

Aka tura shi yana cewa shi fa da ƙafarsa ya zo. Maman 'Yan Biyu ta bi keken da takalminsa a hannu. Gwaji ya nuna jijiyar zuciyarsa ta fara toshewa, aka ba shi gado a hawa na sama, ita kuma ta kira gida ta ce a riƙa zuba abinci a kula biyu.