Kujerar Bakin Ƙofa

...rai. Wai rai. Yau Shugaba ne da kansa yake maganar rai, har da dafa ƙirji, har da rawar murya. Koci tana kallon bakinsa daga ƙarshen teburin, tana murza murfin robar ruwa, ta buɗe, ta rufe, ta buɗe. "Ran 'yar wasa ɗaya ya fi kofi dubu." Haka ya faɗa yanzun nan a gaban kwamitin hukumar ƙwallon hannu, kuma ko tari ba wanda ya yi. Ikon Allah! Ashe ya san wannan maganar? Ina ya ajiye ta duk shekarun nan, a aljihu ko a ƙarƙashin matashi?

Magana ɗaya ce ta tara su: a tura 'yan mata gasar nahiya ko a janye. 'Yan bindiga sun saki saƙo, sun ce duk ƙungiyar da ta sauka a can ta taho da likkafaninta. Wasu ƙasashen sun riga sun zame. Shugaba yana so a bi sahunsu. In kowa ya faɗi ta bakinsa, za a ɗaga hannu. Ita ce mai horar da 'yan matan, hannu ɗaya take da shi kamar kowa.

Hannu ɗaya... ya ishe ta.

Wancan karon ma ai saƙo aka saki. Irin wannan sak. Lokacin ita ce kyaftin, shi kuma yana kan wannan kujerar dai, da wannan bakin dai, a talabijin: in muka janye mun ba su nasara, 'ya'yanmu jarumai ne, ba gudu ba ja da baya. 'Ya'yanmu! A lokacin tasa 'yar tana makarantar kwana, ko igiyar takalmin wasa ba ta iya ɗaurewa da kyau ba. Jarumtaka da 'ya'yan mutane ai ba ta da wuya. Kin ji shi kuwa, Auta? Kin ji abin da yake faɗa yau? Ashe ranki ne kawai bai kai kofi ɗaya ba.

Na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga cikin bokitin da aka tara mata. Ɗis... ɗis. Likitan ƙungiya ya karɓi magana, yana gyara tabarau, yana cewa yaran ba sa barci, biyu sun zo masa da ciwon kai, ɗaya da gudawa. Gudawa — hmm. Ciwon ciki ai gadon wannan hukumar ne. Wancan karon ma ciwon ciki ne ya hana Shugaba shiga motar ƙungiya. Ya kwana lafiya, ya karya da kowa, sai da aka zo tashi zuwa filin wasa cikinsa ya murɗa. Ku yi gaba, zan biyo ku. Daga baya aka ji cewa jami'an tsaro sun same shi a ɗaki da sassafe, sun ce a dakata, a canza hanya, ya ce ina, za a makara, duniya tana kallo. Ya tura su. Shi ya zauna da cikinsa.

Motar ƙungiya kuwa, kowa da kujerarta. Ba a rubuta a ko'ina ba, amma ko koci bai isa ya taɓa tsarin ba. Kyaftin can baya a dogon benci, ta miƙe ƙafa son ranta. Tsofaffin hannu a gabanta. Haka ake gangarowa, daidai da daɗewarki a ƙungiya, har bakin ƙofa. Kujerar bakin ƙofa ta sabuwar zuwa ce. Ita ke rungume da ragar ƙwallaye, ita ke tokare kular ƙanƙara da ƙafa kada ta zame, ita ke fara sauka ta riƙe wa manya ƙofa. Ba wadda ba ta zauna a nan ba. Ranar da aka samu wata sabuwa, ki matsa baya kujera ɗaya, a yi miki tafi da ihu kamar kin ci zaɓe.

Auta ba ta taɓa matsawa ba.

Ƙanwar Koci ce, ciki ɗaya, wadda ta goya. Ga baki, ga rashin jin magana. Wasu suna ƙorafin kujerar, ita murna take: Yaya, ni nake fara ganin gari, ku sai dai ku ga ƙeyata. Ƙeyar kuwa ita ta gani... kitson da ta yi mata da hannunta a ɗakin otal, layi ɗaya ya karkace, Auta tana mita. Shataletale. Motar ta rage gudu. Sai ƙara kamar an watsa tsakuwa a kan rufin kwano — a'a, ba ta ma gane ba, ta ɗauka taya ce. Sai ƙwallaye. Raga ta yage, ƙwallaye suna gangarowa ta tsakiyar mota, ɗaya bayan ɗaya, har baya, har ɗaya ta zo ta tsaya a ƙafarta. A jiƙe.

Direba da Auta. Su biyu kawai aka rasa, na gaba. Aka ce an yi sa'a.

"...za a dakatar da mu," in ji Ma'aji, yana buga biro a kan tebur. In aka janye, hukumar duniya za ta rufe musu ƙofa na wasu shekaru, yaran nan sai dai su tsufa a gida. Gaskiya ya faɗa, ko da yake shi tafiyar yake so, kowa ya san matarsa ta riga ta ba shi sautu. Jami'in tsaro kuma ya baza taswira, an ƙara sojoji, an canza otal, motar ma mai sulke ce. Za ka iya rantsuwa? Ba zai iya ba. Wa zai iya? Kowa a ɗakin nan yana da gaskiyarsa, kowa kuma yana da abin da ya ɓoye a bayanta.

Ta taga ana hango filin atisaye. Ta bar su da mataimakiyarta, suna jifa. Ga Gola can a bakin raga, gwiwa duk bandeji, wannan ce gasarta ta ƙarshe, ta sani, kowa ya sani. Ga wadda ta bar aikin banki don wannan tafiyar. Ga wadda ta ɗaga bikinta. In an janye, me za ta ce musu? Ku yi haƙuri, wasu ƙattin banza sun yi magana a waya, ƙasa guda ta shige ƙarƙashin gado? Yau ƙwallon hannu, gobe gudu, jibi ko makaranta suka ce kada a je sai a zauna. To ina ƙarshensa? Wannan hujja ce mai kyau. Tsaf take, ba ƙura. In ta miƙe ta faɗe ta, har tafi za a yi mata.

Amma ba ita ce a ranta ba. Ta san ba ita ba ce.

Ga ta can, mai jar riga, ta yi sama kamar ba za ta sauko ba. Barewa. 'Yar Shugaba. Bahaguwa, hannu kamar majajjawa, ƙwallo ta wuce kunnen Gola kafin ta motsa. Kai, yarinyar nan! Ranar da ta fara zuwa Koci ta ce alhamdu lillahi, nama ya kawo kansa. Ta sa ta zagaye fili har ta yi amai. Ta sa ta kwasar ƙwallaye, wankin riguna, goge ƙasa. Jira take ta kai ƙara gida, uban ya zo, a yi ta ta ƙare. Shiru. Yarinya ta goge baki ta ce, Koci, in ƙara? Kullum ita ce farkon zuwa. Da me za ka tsani irin wannan? Ta nema, wallahi ta nema, ba ta samu ba.

Da hannunta ta sa sunanta cikin masu tafiya. Don ta cancanta. Duk ƙasar nan ba bahaguwa kamarta, a tambayi kowa. Don ta cancanta ne... ko?

Ita ce sabuwar zuwa.

Shugaba ya san tsarin motar. Ya sani sarai. Shi ya sa ya tare ta a baranda makon jiya, yana sosa ƙeya, yana ƙanƙan da murya, shi da bai taɓa sanin tana da suna ba: a ce yarinyar ta ji rauni mana, a bar ta a gida, tsakaninmu. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce ƙafarta lafiya lau. Ya koma gida ya lallaɓi 'yar, 'yar ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu sai ta je. In ya cire ta da ƙarfi kuma, 'yan jarida su cinye shi ɗanye: ka tura na wasu, ka ɓoye taka? To shi ne ya ga gara a zaunar da ƙasa gaba ɗaya. Tuta, taken ƙasa, Gola da gwiwarta, duk a naɗe a ajiye saboda 'yar mutum ɗaya. Sannan ya zo yana dafa ƙirji.

A'a. Sai ya ɗanɗana. Ba wani abu take nema ba, Auta, Allah ya gani... ya zauna kawai. Ya zauna kusa da waya kamar yadda Umma ta zauna. Ya ji ta yi ƙara ya zabura. Ya kunna talabijin ya kashe, ya kunna ya kashe. Ya san cewa yanzu motar ta tashi daga otal, yanzu ta kusa shataletale, kuma tasa ce a bakin ƙofa rungume da raga. Wannan karon cikin ya murɗa da gaske. Jiki magayi.

Umma... Yau da safe tana shanya a tsakar gida, ko juyowa ba ta yi ba. Tun ranar ba ta sake kallon wasa ba, ko yara ta gani suna buga ƙwallo a layi sai ta sauya hanya. Ta ce, "Kada ki kai 'ya'yan mutane." Ba ta ƙara ko kalma ba, ta ci gaba da matse zani. Umma, ba ki gane ba. Har da tasa fa. Tasa! Da ta faɗa mata haka, me za ta ce? Ta san abin da za ta ce, shi ya sa ba ta faɗa ba. Cewa za ta yi ita ma uwa ce ta haife ta.

Ɗis. Bokitin ya kusa cika, ba mai tashi ya zubar.

Sakatare ya gyara murya. Masu cewa a janye. Hannun Shugaba ne ya fara tashi, na Likita, na wasu can gefe. Masu cewa a je. Ma'aji, jami'in tsaro da ɗan jinkiri, wasu... Sakatare yana nuna su da biro, leɓensa yana motsi. Ya sake ƙirgawa. An yi kunnen doki. Kawuna suna juyowa ƙarshen tebur ɗaya bayan ɗaya.

"Koci, saura ke. Ba ki ɗaga ko'ina ba. A je?"

Rana dubu ta ɓarawo. Ga ta yau, ta zo har gida, a kan faranti. Shugaba yana kallonta. Leɓensa ya bushe, gumi ya tsattsafo a ƙasan hularsa duk da sanyin ɗakin. Dube shi, Auta, dube shi da kyau! Wannan idon ne bai iya kallon Umma ba. Yau roƙo yake da shi. Daɗi yana hawa mata tun daga ciki, zafi-zafi, har maƙogwaro. Hannunta ya bar robar ruwan. Ya bar teburin. Yana tashi.

Za ta shiga falonsa. Za ta cire takalmi a bakin ƙofa, a hankali, ba gaggawa. Mutane cike, ana ta shigowa ana fita. Za ta sa mayafin nan ruwan toka, wanda yake ƙasan akwati a goge. Za ta durƙusa daidai gabansa, ta bari sai ya ɗago, sannan ta mayar masa da kalmominsa, waɗanda ya faɗa wa Umma yana duba agogo: sai haƙuri, ta yi wa ƙasa hidima. Ta san yadda za ta ja muryar. Ta gwada a banɗaki, ta gwada a mota, ta...

Mayafin. A goge.

Yaushe ta goge shi?

Wa ya mutu?

Ba zaman jiran waya ba ne wannan. Wannan zaman makoki ne. Kuma ba a zaman makoki sai da gawa... Ta taga Barewa ta zura wata a raga, ta juyo tana dariya, tana ɗaga wa tagar ofis hannu ko Koci tana kallo. In har za ta shiga falon nan da mayafin nan, to sai mutanen shataletale sun zo. Sai sun zo a kan lokaci. Sai hannunsu bai yi rawa ba. Su ɗin dai, waɗanda suka... Innalillahi. Tun yaushe take jiran su? Tun yaushe take yi musu fatan sa'a?

To ta sauke? Ta sauke ya tashi ya kaɗe riga, ya koma gida ya ci abinci da 'yarsa, gobe jarida ta kira shi uba mai tausayi? Gola ta kwance bandejinta ta tafi ke nan? Ke kuma, Auta, shi ke nan, an ci bulus? Ta ɗaga kuma — ko da hujjar nan mai tsabta, ko da motar ta je ta dawo lafiya — ita ta san da wace zuciya ta ɗaga.

Hannun ya tsaya daidai kafaɗa. Bai hau ba, bai sauka ba. Ya yi nauyi kamar ba nata ba.

"Koci," in ji Sakatare, biro a sama, "wannan ɗagawa ce, ko kuwa?"

Ta buɗe baki. Ta gaji, Auta. Wallahi ta gaji.